Bitar Shirin Tsofaffin Wasanni na Wani Gidan Kallo a Tudun Wada: Zangon Danmak

A watannin da manyan gasannin Turai ke hutu, yawancin gidajen kallon ƙwallo na Kaduna kan rufe ƙofa, ko kuma su koma nuna fina-finai da kokawa don kada kujeru su yi ƙura. Wani gidan kallo da ke Tudun Wada ya ɓullo da wata hanya dabam, wato nuna tsofaffin wasannin ƙasashe tun daga busa usur na farko har zuwa tashi, ƙasa bayan ƙasa, sannan a ba ’yan kallo dama su yi muhawara kan abin da idonsu ya gane musu. Wannan bita ta shafi zangon da aka keɓe wa tawagar Danmak, wanda na bi daga farkonsa har ƙarshensa, kuma ra’ayina shi ne shirin ya cancanci kuɗin da ake biya har da ƙari, duk da cewa akwai gyare-gyaren da bai kamata mai gidan ya yi sakaci da su ba.

Baƙo zai iya mamakin abin da ya haɗa mutanen Kaduna da ƙwallon wata ’yar ƙaramar ƙasa ta arewacin Turai, wadda mutanenta kusan miliyan 6 ne kacal, adadin da bai wuce abin da ƙidayar 2006 ta ba jiharmu ba. Amsar tana cikin ranar 28 ga Yunin 1998, lokacin da Danmak ta fitar da Najeriya daga gasar cin kofin duniya da ci 4 da 1, alhali ’ya’yan garin nan irin su Garba Lawal da Celestine Babayaro da Tijjani Babangida suna cikin waɗanda suka taka leda a wannan dare. Duk wanda ya mallaki hankalinsa a shekarar yana ɗauke da wannan tabo, kuma mai gidan kallon ya yi dabara da ya gane cewa mutanen da aka yi wa irin wannan ci za su so sanin asalin waɗanda suka yi musu shi.

Wurin kansa ba wani abin a zo a gani ba ne. Ɗaki ne mai tsawo da rufin kwano da silin, an jera bencina masu jingina a gaba, kujerun roba a baya, ga majigi yana haska farin bango, ga kuma ƙaramar talabijin a gefe don waɗanda suka makara suka zauna a lungu. Akwai fankoki a sama, kuma saboda an haɗa sola da janareta, ko an ɗauke wuta hoto ba ya yankewa, abin da ya fi komai muhimmanci ga mai kallon ƙwallo. Kuɗin shiga rabin abin da ake biya ne a daren gasar Zakarun Turai. Ana farawa bayan sallar isha’i, don haka babu wanda ke fita a tsakiyar wasa, kuma a bakin ƙofa akwai mai shayi da mai tsire, amma ba a yarda a shiga da sigari ba. Wannan doka ta ƙarshe ana kiyaye ta da gaske, domin na ga an tashi wani an raka shi waje cikin mutunci.

Abin da ya bambanta shirin da kunna tsohon faifai kawai shi ne tsarinsa. Kafin a fara, mai gidan kan rubuta sunayen ’yan wasan kowane ɓangare da alli a wani baƙin allo, kowa a gurbin da yake bugawa, tare da ƙungiyar da yake yi wa wasa a wancan lokaci, sannan ya yi bayani na ’yan mintuna kan yadda aka zo wannan karawa. Bayan an tashi sai a kunna fitilu a ba da kusan rabin sa’a don muhawara, shi ne kuma mai ba da izinin magana. A nan ne amfanin nuna wasa cikakke yake fitowa fili. Matasanmu sun saba yin musu a majalisa kan ’yan wasan da ba su taɓa gani ba, hujjarsu ba ta wuce guntayen bidiyo na YouTube da TikTok, inda ba a nuna komai sai yanka da cin ƙwallo. Wanda ya zauna ya kalli minti 90 kuwa yana ganin wane ne ke gudu idan ƙwallo ta ƙwace, wane ne ke ɓuya idan wasa ya yi zafi, wane ne kuma sauran ke nema da ido idan sun rasa yadda za su yi.

An buɗe zangon da tawagar 1986, kuma bayanin da aka gabatar ya gamsar da ni. Har zuwa 1971 hukumar ƙwallon Danmak ba ta yarda ’yan wasanta da ke karɓar albashi a ƙasashen waje su buga wa ƙasa ba, kuma sai a 1978 aka halatta ƙwallon sana’a a cikin gida, wanda shi ya sa ƙasar ta daɗe tana fitar da gwanaye ba tare da ta mori gwanintarsu ba. Bajamushen koci Sepp Piontek, wanda ya karɓi aiki a 1979, shi ne ya tattaro waɗannan ’yan wasa da suka warwatsu a Holand da Beljiyam da Jamus da Italiya, ya ɗora musu horo da tsari. Frank Arnesen da Soren Lerby da Jesper Olsen da Jan Molby duk sun ratsa ta Ajax, saboda haka salon sauya gurbi da kai hari da mutane da yawa ya riga ya shiga jikinsu.

Wasan Yurugai na gasar cin kofin duniya ta 1986 a Meksiko, wanda aka tashi 6 da 1, shi ne ya fi kowane ɗaga ɗakin. Preben Elkjaer ya ci 3, yana ture masu tsaron baya da ƙirji yana wucewa, amma ƙwallon da ta sa aka roƙi a maimaita ita ce ta Michael Laudrup jim kaɗan bayan dawowa daga hutun rabin lokaci. Ya karɓi ƙwallo a wajen da’irar gida, ya sulale ta tsakanin ’yan baya ba tare da ya ƙara sauri sosai ba, ya kauce wa mai tsaron raga da ya fito ya zube a gabansa, sannan ya tura ta cikin raga daga wata ƙuntatacciyar kusurwa. Yana da shekara 21 a lokacin. Ni kuwa wanda ya fi ɗaukar hankalina a wasan shi ne kyaftin Morten Olsen, ɗan shekara 36, wanda ke tsaye a bayan kowa amma da zarar ya ga fili sai ya ɗauko ƙwallo da kansa ya ratsa tsakiya, sauran kuma su buɗe masa hanya. A guntun bidiyo ba za a taɓa ganin aikin wannan mutum ba, domin ba shi ke ci ba, alhali daga ƙafarsa yawancin hare-haren ke tashi. Wani malamin makaranta da ke zaune kusa da ni ya tunatar da jama’a cewa an ba ɗan Yurugai jan kati tun wajen minti na 20, don haka da mutum 10 suka yi yawancin wasan. Gyara ne mai kyau, sai dai bai rage komai daga yadda tawagar ta doke Sikotland da ci 1 da nema, ta kuma doke Jamus ta Yamma da ci 2 da nema a rukuni guda ba.

Mai gidan bai ɓoye aibin tawagar ba, domin a zama na gaba ya kunna wasan Sifaniya na zagaye na biyu. Danmak ce ta fara ci da bugun fenariti na Jesper Olsen, tana kuma riƙe da wasan yadda take so, sai dab da hutu shi Jesper ɗin ya mayar da ƙwallo wajen golansa ba tare da ya duba ba, Emilio Butragueno ya tare ta ya farke. Abin da kallon wasan gaba ɗaya ya nuna shi ne wannan kuskure ba shi kaɗai ya kayar da su ba. Bayan Sifaniya ta shiga gaba, sai ’yan Danmak suka kwashe kowa suka yi gaba neman ramuwa, suka bar bayansu a buɗe, Butragueno ya yi ta shiga har ya ci 4, aka tashi 5 da 1. Rashin Arnesen, wanda aka kora a ƙarshen wasan Jamus ta Yamma alhali an riga an tsallake, shi ma ya bayyana a tsakiyar fili.

Daga nan gardama ta fara yin tsami, domin zaman 1992 ya zo da wata irin tawaga da kusan ba ta yi kama da ta farko ba. Kowa ya san cewa Danmak ba ta samu gurbi a gasar Turai ta shekarar ba, sai da aka cire Yugoslabiya saboda yaƙi sannan aka kira ta saura kwanaki kaɗan a fara. Abin da ba kowa ya sani ba, wanda kuma aka rubuta a allo, shi ne maki 1 tak ya raba su da Yugoslabiya a wasannin share fage, har ma sun bi ta gida Belgrade sun doke ta 2 da 1 a 1991. Ƙashin bayan tawagar kuma daga ƙungiyar Brondby ya fito, wadda ta kai wasan kusa da na ƙarshe a kofin UEFA na 1991 da Peter Schmeichel da Lars Olsen da John Jensen da Kim Vilfort da Kim Christofte, tare da ɗan Najeriya Uche Okechukwu a bayanta. Saboda haka ba taron tsintsiya ba shara ba ne da aka kwaso daga hutu, mutane ne da suka san juna a fili. Michael Laudrup ba ya ciki, domin ya janye daga tawagar tun 1990 sakamakon saɓani da koci Richard Moller Nielsen kan salon wasa, ƙaninsa Brian ne ya sauya shawara ya dawo.

An nuna wasan kusa da na ƙarshe da Holand da kuma na ƙarshe da Jamus cikakku. A na Holand, wanda aka tashi 2 da 2, Henrik Larsen ya ci duka biyun, Henrik Andersen ya karye a gwiwa aka fitar da shi a kan makara, wasu kuma suka ƙarasa ƙarin lokaci suna ɗingishi, kafin Schmeichel ya kaɗe bugun Marco van Basten a fenariti. A na ƙarshe, ranar 26 ga Yunin 1992 a birnin Gothenburg na Suwidin, Jensen ya ci ta farko da wani bugu mai ƙarfi, abin da ya sa magoya bayan Arsenal da ke ɗakin suka riƙe baki, tunda ƙwallo 1 tak ya ci musu a duk zamansa a can. Vilfort ne ya ci ta biyu, mutumin da ya riƙa barin sansani yana komawa gida duba ’yarsa mai fama da cutar sankarar jini, wadda ta rasu ba da daɗewa ba bayan gasar. Lokacin da aka faɗi wannan, ɗakin ya yi tsit, har wasu suka yi masa addu’ar samun haƙuri kamar yau abin ya faru.

Matasa sun sha mamakin wani abu a wasan na ƙarshe. Sau da yawa ɗan baya kan mayar wa Schmeichel ƙwallo da ƙafa, shi kuma ya sunkuya ya ɗauka da hannu, ya ɗan taka, ya mirgina wa na kusa, a sake mayar masa, ’yan Jamus suna ta kai da kawowa a banza. Wani yaro ya miƙe yana tambayar me ya sa alƙalin wasa bai busa ba, sai aka yi masa bayani cewa wannan ce babbar gasa ta ƙarshe da aka buga kafin dokar hana gola kama ƙwallon da abokin wasansa ya mayar masa da ƙafa ta fara aiki. Wannan bayani ya zama makami a hannun masu goyon bayan 1986, waɗanda suka ce da a ƙarƙashin dokar yau ne da ’yan 1992 ba su iya cinye lokaci haka ba.

Musun da ya biyo baya shi ne mafi daɗi a duk zangon, kuma ya rabu ne kusan bisa shekaru. Wani saurayi mai sayar da kayan waya ya dubi wani dattijo, tsohon ma’aikacin masaƙa a Kakuri, ya ce: “Baba, Allah ya ƙara girma, duk wannan iyawar da kuke yabo ta ’yan 1986, ina kofin da suka kawo gida?” Dattijon ya amsa da cewa: “Ɗana, ƙasashe 8 ne kawai suka buga gasar 1992, wasa 5 suka yi suka ɗauki kofi, kuma 2 kaɗai suka ci a cikin lokaci. Ka kalli waɗancan ka kalli waɗannan, wa za ka sake biyan kuɗi ka gani?” Saurayin bai ja da baya ba, ya ce waɗanda aka doke ɗin su ne Faransa da ta lashe dukkan wasanninta 8 na share fage, da Holand mai riƙe da kofin Turai na 1988, da Jamus mai riƙe da kofin duniya na 1990, kuma wanda ya kayar da waɗannan a jere ba a ce masa mai sa’a.

Na auna hujjojin biyu, kuma ina tare da dattijon, amma ba don daɗin kallo kaɗai ba. Tawagar Piontek ta yi shekaru tana kan ganiyarta: ta doke Ingila a Wembley a 1983, ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar Turai ta 1984 inda sai da fenariti Sifaniya ta fitar da ita, ta casa Tarayyar Sobiyet 4 da 2 a 1985, sannan ta yi abin da ta yi a Meksiko. Tawagar 1992 kuwa makonni biyu ta haskaka, kuma ta kasa samun gurbi a gasar kofin duniya ta 1994, ko da yake ta ɗauki kofin Sarki Fahad a Riyad a 1995 bayan ta doke Ajantina 2 da nema, gasar da ita ma Najeriya ta halarta. Idan ana maganar ranar da ta fi girma a tarihin ƙwallon ƙasar, babu shakka ta 1992 ce, kuma jarumtar da suka nuna a wasan Holand ta shiga raina ƙwarai. Idan kuwa ana tambayar tawagar da ta fi ƙarfi da gwaninta, to ta tsakiyar shekarun 1980 ce, kuma duk wanda ya kalli wasannin biyu a mako guda zai sha wuya kafin ya musanta hakan.

Daren da aka nuna wasan Najeriya na 1998 ɗakin ya cika maƙil, har da masu tsayuwa a jikin bango. Mun je wannan wasa ne bayan mun doke Sifaniya 3 da 2 da Bulgeriya 1 da nema, jama’a kuma sun riga sun fara lissafin karawa da Brazil a zagaye na gaba. Cikin minti 12 aka gama da mu: Peter Moller ya ci a minti na 3 daga ƙwallon da Michael Laudrup ya ajiye masa, sannan Brian ya ƙara ta biyu bayan Peter Rufai ya amayar da bugun tazara. Ta ukun ce ta fi ciwo, ta kuma fi kyau. Michael, wanda a lokacin yana da shekara 34, ya kalli gefe guda, ya ɗaga ƙwallon ta saman ’yan bayanmu zuwa ɗaya gefen, Ebbe Sand da ya shigo fili daƙiƙa 16 da suka wuce ya gusar da ita da ka ya kauce wa Taribo West, ya buga ta shiga. Thomas Helveg ya ci ta huɗu, sannan Babangida ya rage mana zafi da ƙwallo 1, kuma da ta shiga sai da aka tafa a ɗakin, domin ɗan gida ne. Mai gidan ya ja hankalinmu ga wani abu da ya ƙara wa wasan armashi, wato a kakar da ta gabaci gasar, Michael Laudrup da Babangida da Sunday Oliseh ƙungiya ɗaya suke, Ajax, kocinsu kuma shi ne Morten Olsen, kyaftin ɗin 1986.

Wasu sun kawo tawagar 1998 a matsayin ta uku a takarar, hujjarsu kuwa ita ce ta kai matakin da babu wata tawagar Danmak da ta kai a kofin duniya, wato zagayen ƙasashe 8, inda Brazil ta sha da ƙyar da ci 3 da 2, kuma a nan ne aka ga ’yan’uwan nan biyu, Michael da Brian Laudrup, tare da Schmeichel suna haskakawa a babbar gasa guda. Hujja ce mai ƙarfi, sai dai a wasannin rukuni ba ta burge kowa ba.

Da aka koma kan ɗaiɗaikun taurari, sai son ƙungiya ya shigo, kamar yadda aka saba a garin nan. Magoya bayan Manchester United sun tsaya kai da fata kan Schmeichel, wanda ya buga wa ƙasarsa wasa 129, ya kuma bar United a 1999 da kofuna 3 a kaka guda. Wani ya tunatar da cewa ɗan Danmak ɗaya tilo da ya taɓa lashe kyautar Ballon d’Or shi ne Allan Simonsen a 1977, kuma Elkjaer ya zo na biyu a 1985, shekarar da ya ɗauki kofin gasar lig ta Italiya a ƙungiyar Verona. Abin da ban taɓa gani ba sai a wannan ɗaki shi ne ’yan Barcelona da ’yan Real Madrid sun haɗu kan mutum guda. Michael Laudrup ya ci kofin gasar lig ta Sifaniya sau 4 a jere da Barcelona daga 1991 zuwa 1994, ya koma Madrid ya ci na 5 a 1995, yana cikin Barcelona da ta ci Madrid 5 da nema, bayan shekara guda kuma yana cikin Madrid da ta rama da 5 da nema. Masu sukarsa suna cewa ya guje wa ƙasarsa a shekarar da ta ɗauki kofi, kuma wannan gaskiya ce da ba za ta goge ba. Duk da haka shi na zaɓa, domin shi kaɗai ne na gani a 1986 yana saurayi yana yanke mutane, na kuma gan shi a 1998 ƙafa ta yi nauyi amma yana sarrafa wasa da ido da tunani, kuma a duka biyun babu wanda ya fi shi a fili.

Zamanin Christian Eriksen bai samu haƙƙinsa ba, kuma wannan ne babban ƙorafina kan zaɓen wasanni. Wasa guda aka nuna daga gasar Turai da aka buga a 2021, wato na Ingila a Wembley, inda Mikkel Damsgaard ya ci bugun tazara mai kyau, Simon Kjaer ya ci gida, Harry Kane kuma ya ƙarasa a ƙarin lokaci bayan gola Kasper Schmeichel, ɗan Peter, ya kaɗe fenaritinsa. Na yaba da shawarar ƙin nuna wasan Finland na ranar 12 ga Yunin 2021, wanda Eriksen ya yanke jiki ya faɗi zuciyarsa ta tsaya, domin halin rai da mutuwa ba abin sayar da tikiti ba ne. Amma tawagar da ta sha kashi a wasanninta biyu na farko, sannan ta ci Rasha 4 da 1 da Wales 4 da nema ba tare da babban tauraronta ba, ta cancanci a ga ɗaya daga cikin waɗannan wasanni. Haka kuma an tsallake shekarun da Morten Olsen ya yi yana koci, daga 2000 zuwa 2015, don haka ba a ga Jon Dahl Tomasson ba, mai ƙwallo 52 a rigar ƙasa, ba a kuma ga yadda suka kori Faransa mai riƙe da kofi daga gasar 2002 da ci 2 da nema ba. Sakamakon haka matasan da suka taso da kallon Eriksen a Tottenham da United sun shiga muhawara hannu rabbana, dattawa suka danne su da hujjojin da aka haska musu a bango.

Akwai kuma matsaloli na kayan aiki. Hotunan 1986 an ɗauke su ne don tsohuwar talabijin mai kusurwa huɗu, amma majigin yana miƙe su don su cika bango, sai ’yan wasa su zama gajeru masu faɗi, ƙwallo kuma ta koma kamar ƙwai. Gyaran wannan bai wuce danna maɓalli guda ba, kuma gara a bar baƙi a gefe da gefe a kan a ɓata siffar wasa. Sharhin wasu faifan da harshen Danmak ne ko Sifaniyanci, ana kuma ƙure sautin ba tare da kowa na fahimta ba, alhali da an rage shi an ba wani mai baki makirufo ya riƙa ambaton sunan mai riƙe da ƙwallo da Hausa, da waɗanda ba su san fuskokin ba sun fi amfana. Idan ɗakin ya cika, fankokin ba sa isar layin baya, kuma tagogi biyu ne kawai. Sai kuma masu duba sakamako a waya su faɗa da ƙarfi kafin ƙwallo ta shiga, wanda ke kashe wa wanda bai taɓa ganin wasan ba daɗi. An yi gargaɗi a kan haka, amma ba a tsananta kamar yadda aka tsananta kan sigari ba.

Game da muhawarar, mai gidan yana da adalci wajen rarraba magana, kuma ba ya barin a zagi kowa, sai dai yakan bar dattawa su zarce lokaci saboda kunya, har wani lokaci a kai ƙarfe 11 ba a watse ba. Wanda zai koma Kawo ko Rigasa ko Barnawa ya kamata ya tanadi abin hawansa tun da wuri, domin a wannan lokaci Keke Napep ya yi wuya, na samu kuma kuɗinsa ya ninka.

Ina ba duk mai son ƙwallo shawarar ya halarci wannan shiri, musamman masu horar da yara a filayen unguwanni da na makarantu, waɗanda za su ƙaru sosai da kallon yadda Morten Olsen ke fito da ƙwallo daga baya da yadda ’yan 1992 ke rufe gida ba tare da sun rikice ba. Wanda ya je ya isa da wuri ya kama benci na uku ko na huɗu, inda iska ke kaiwa kuma dishi-dishin tsohon hoto bai cika damun ido ba. Mai gidan ya sanar cewa zai maimaita zangon Danmak kafin a koma gasar Firimiya saboda waɗanda ba su samu wuri a daren 1998 ba, kuma roƙona gare shi shi ne ya gyara faɗin hoton, ya ƙara wasan Tarayyar Sobiyet na 1985 da na Faransa na 2002 da na Rasha na 2021, domin kowane zamani ya samu shaidar da magoya bayansa za su kafa hujja da ita.